Koren Allon Garaje

Duk wanda ya san Garaje ya san ba a banza ya ci wannan suna ba. Tun yana yaro in aka aike shi, sai ya kai bakin titi yake tuna bai tsaya ya ji abin da aka ce ya sayo ba. Ya girma, ya yi karatu, ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta, furfura har ta fara leƙowa ta gefen kunnuwansa, amma hali zanen dutse. A wurin aikinsu ana yabonsa cewa duk shirin da ya rubuta ba ya nawa, shi kuwa ya ɗauki yabon nan ya ɗora a ka kamar hula, yana yawo da shi har gidajen 'yan'uwa.

Bakinsa ne ya jawo masa aikin nan. Mahaifinsu tela ne, a ƙarshen rayuwarsa ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya sayi injin surfani irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, wani jibgegen abu da ya cinye rabin shago. Da shi yake yi wa makarantu bajo, yana rubuta sunaye a tawul da aljihun riga. Bayan rasuwarsa babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, ta gaji shagon da injin. Ana nan, rannan faifan tsohuwar kwamfutar ya mutu, ya tafi da shirin da ke gaya wa injin inda zai soka allura. Kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da rufewa. Yaya ta lulluɓe injin da tsohon zanen gado, ya koma wurin ajiye almakashi da kofin shayi.

Wata yamma Garaje da matarsa sun je gaishe ta a gida, mijin Yaya ya ɗauko zancen.

"Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa," in ji shi. "Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo da mota. Ƙarfen da ba ya aiki sunansa ƙarfe, ko wa ya saye shi."

Yaya na zaune a gefe. Wani ɗinki take warwarewa a cinyarta, tana fizgar zaren da ƙarfin da zaren bai cancanta ba.

"Don shiri kawai za a sayar da injin Baba?" Garaje ya ajiye kofinsa. "Ina raye? Ai wannan aikin yamma ɗaya ne. Biyu, in na tsaya shan shayi."

"Famfon banɗakinmu ma aikin yamma ɗaya ne," in ji matar Garaje. "Tun bara."

Aka yi dariya, ban da Yaya. Ta ɗago ta dube shi.

"Garaje, kada ka sa min rai. In ka san ba za ka iya ba, ka bar ni in yi baƙin cikina sau ɗaya."

"Yaya, ki ɗauka an gama."

Akwai abin da bai faɗa ba, wanda ko matarsa ba ta sani ba. Tun yana ƙarami Baba ya so ya koya masa ɗinki. Ya ɗora shi a kan keken ɗinki, ya ba shi ƙyalle ya ce ya bi gefensa. Garaje ya riƙa taka keken kamar an biyo shi, a miƙaƙƙen layi abin sha'awa, amma da an zo kwana sai allura ta fice daga ƙyallen ta kama gabanta. Baba ya yi faɗa ya gaji. Daga ƙarshe ya sauke shi daga kujerar ya ɗora Yaya, bai sake ce masa zo ka gwada ba. Garaje kan ba da labarin nan a cikin mutane yana dariya, har ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Amma abin yana ci masa rai, domin har Baba ya bar duniya babu ɗinki ko na taki ɗaya da ya fita daga shagon nan da hannunsa. Yanzu ga dama ta samu, ko da mai shagon ba ya nan balle ya gani.

Yamma ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, aka daina ƙirga. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zarce shagon, ya kutsa bayan injin, tsakanin bango da buhun tarkacen ƙyallaye, inda tsohuwar kwamfutar take. Ya sa mata wani faifan, ya rubuta shirin, shirin kuma ya yi kyau a ido: yana cika allon da hoton bajon da za a ɗinka, tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai, shuɗi da ruwan ɗorawa. Matsalar ita ce da injin ya fara aiki sai komai ya daskare. Tsuntsun yana nan a allo yana kallonsa, allura ta tsaya a sama, kwamfuta ba ta jin kira. Shirin ya faɗi a wani wuri, amma ba ya iya faɗin inda ya faɗi, tunda allon da zai yi magana a kai tsuntsu ya cinye shi.

A nan ne ya tuna da koren allonsa. Tun yana ɗalibi ya saye shi a hannu, wani ɗan kumburarren akwati mai nauyin tsiya, wanda bai san wani launi ba sai kore a kan baƙi, bai kuma san hoto ba sai haruffa. Shekara da shekaru yana saman kabad ɗin ɗakinsu, matarsa ta yi ƙoƙarin fitar da shi daga gidan a kowace shara. Da ta ga ya hau kujera yana sauko da shi, har ta fara murna.

"Alhamdulillahi. In kira masu bola?"

"Aiki zai tafi."

"Shi ma? To Allah ya ba ku sa'a, kai da shi."

Tsofaffin kwamfutoci irin ta Baba suna karɓar allo biyu a lokaci guda, in dai ɗayan irin wannan ne mai launi ɗaya, domin kowanne da katinsa da ake sokewa a cikin kwamfutar, kuma ba sa shiga gonar juna. Garaje ya hure ƙurar katin ya cusa shi a cikin kwamfutar. Sannan ya rubuta wani ɗan ƙaramin shiri, wanda masu sana'ar ke kira direba, aikinsa kawai ya karɓi saƙo daga babban shirin ya kai shi koren allo, harafi bayan harafi. Da haka tsuntsu yana can yana cika allonsa, a gefe kuma shirin yana ba da labarin duk inda ya taka. In ya faɗi, layin ƙarshe da ya rage a koren allo shi ne shaidar inda ƙafarsa ta zame.

Yaya ta leƙo ta ga akwatuna biyu suna haske.

"Talabijin biyu ka tara min, ba wanda ke nuna labarai?"

"Wannan na aiki ne, wannan kuma na gulma. Duk abin da wancan ya yi, wannan zai gaya min."

"To a yi gulmar a hankali, wutar ba kyauta ba ce."

Da farko saƙonnin na mutunci ne. "Na fara." "Na iso nan." "Na iso nan ma." Da su ya kama kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya kama sai ya tarar irin kuskuren mai sauri ne: ya aika umarni kafin a tambaye shi, ya rufe abin da bai buɗe ba, ya fara ƙirga daga inda ya kamata ya gama. Mutum ba ya jure ganin wautarsa a rubuce kullum bai tanka ba. Sannu a hankali saƙonnin suka canja hali. Inda dā aka rubuta "Na iso nan", sai ya koma "Sannu da zuwa, sarkin gaggawa." Inda ake canja zare ya sa "Tsaya ka duba bayanka, ba wanda ya biyo ka." Wurin da ya ba shi wahala kaɗan ya sami gajeren zagi, wurin da ya sha masa kai ya sami dogo.

Ba inda ya wahalar da shi kamar bakin fukafukan tsuntsun, inda allura ke tafiya ta juyo da baya a tsini. Nan ya karya allurai, ya ɓata ƙyallaye, ya ciji yatsa. A ranar da abin ya kai shi bango ya zauna ya rubuta wa kansa layi uku cur, bai ko tsaya tunani ba, kalmomin suka zubo kamar dama suna jira a bakin ƙofa. Ya karkatar da koren allon ya fuskanci bango, yadda ba mai gani sai shi. Ai ba laifi ba ne mutum ya zagi kansa, in dai a ɓoye ne.

Abin mamaki, daga ranar nan injin ya fara shiryuwa. Ana gobe mai ƙarafa zai zo, da la'asar, Garaje ya ɗaura ƙyalle ya danna maɓalli, injin ya kama aiki, tak-tak-tak, ya bi fiffike ya sha kwana ya dawo, ya canja zare, ya gama tsuntsu tsaf har da ƙwayar ido. Yaya ta fita sayen zare, ba ta gani ba. Ya cire bajon ya juya shi gaba da baya, ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya tsaya a tsakiyar shagon shi kaɗai yana gyara wuyan riga.

Sai ya dubi koren allon, ya ga zagi jere reras tun daga sama har ƙasa. Haba, wa zai miƙa aiki da wannan? Gobe ga Yaya, ga mijinta, ga matarsa da ya riga ya gayyato don ta ga ƙarshen zancen famfo. Maginin kirki ba ya barin tsaninsa jingine da gidan da ya gama. Nan take ya kashe saƙonnin duka da layi ɗaya, ya zare wayar koren allon, ya sa shi a kwali ya ajiye a bakin ƙofa don ya tafi da shi gobe. Ya lura ma shirin ya ƙara sauri da aka sauke masa wannan kaya, abin ya ƙara masa daɗi. Wani mai hankali zai sake ɗaura ƙyalle ya gwada sau ɗaya kafin ya rufe shago. Garaje ya kashe fitila ya tafi gida yana fito.

Da hantsi kowa ya hallara. Mai ƙarafa ya riga su zuwa ma, ya ajiye tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya a ƙofar shago, yana tsaye da igiya a kafaɗa, yana auna injin da ido. Garaje ya sa farar riga. Ya miƙa wa Yaya bajon jiya ba tare da ya ce komai ba, don aiki ya yi magana da kansa. Ta karɓa, ta shafa bayansa da babban yatsa yadda teloli ke yi, ta kai shi kusa da ido.

"Injin nan ne ya yi wannan?"

"Jiya-jiyan nan. Yanzu ma za ki gani, har ya fi na jiya sauri." Ya juya ga mai ƙarafa. "Malam, ka yi haƙuri, an sa ka ƙona mai a banza."

"Ba komai, yallaɓai," in ji mutumin. "Ni duk inda na je haka ake fara ce min."

Garaje ya ɗaura ƙyalle, ya danna maɓalli, ya ja da baya ya harɗe hannuwa. Injin ya zabura. Ya bi gefen fiffike a guje da wata irin ƙara da Yaya ba ta taɓa ji ba, ya iso tsini, bai juyo ba. Allura ta ci gaba da soka wuri ɗaya, zare ya cukurkuɗe ya zama ƙulli, ƙyallen ya tattare, sai ƙas! Rabin allurar ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin shayin mijin Yaya.

Mijin Yaya ya leƙa kofinsa, ya ajiye shi a hankali.

"Lallai ya fi na jiya sauri," ya ce.

"Ƙyallen ne bai ɗauru ba," in ji Garaje. Ya sa wata allurar, ya ɗaura wani ƙyallen, ya ja shi har yana ƙara kamar ganga. Injin ya sake zabura, ya sake isa tsini, ƙas.

Bai yarda ya dubi Yaya ba, amma ya ji lokacin da ta ja kujera ta zauna. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta roƙe shi kada ya sa mata rai, ya sa mata, har ya damƙa mata bajo a hannu, ga shi yanzu za ta yi baƙin cikin nan karo na biyu a gaban baƙo. Zufa ta jiƙa farar rigar tun daga wuya.

Ba shi da wata dabara sai ta neman inda shirin ke faɗuwa, wannan kuwa aikin koren allo ne. Ya juya bakin ƙofa, babu kwali.

"Ina akwatin da na ajiye nan?"

"Wannan tsohon?" in ji matarsa. "Na ce wa bawan Allah nan ya haɗa da shi, tunda ka ce an gama."

Garaje ya fita da gudu. Allon yana bayan mota, tsakanin wata matacciyar fanka da ƙafar gado. Ya rungumo shi kamar wanda ya tsamo ɗansa daga rijiya, tsatsa ta shafe gaban rigar. Mai ƙarafa ya bi shi da kallo.

"Yallaɓai, wannan kyauta aka ba ni fa."

"Aro nake."

Ya haɗa waya, ya kunna saƙonnin, ya tsaya ya kare allon da faɗin bayansa. Ya danna maɓalli yana jiran ya ga layin da za a mutu a kai. Injin ya tashi a natse, tak-tak-tak, ya isa tsini, ya ɗan numfasa, ya juyo, ya gama tsuntsu lafiya lau. Babu kuskuren da za a kama. Ya ce to, wataƙila abin ya warware da kansa. Ya kashe saƙonnin ya sake gwadawa, ƙas.

Ya tsaya riƙe da guntun allurar, abin yana sauka a kansa sannu a hankali, kuma bai ji daɗin saukarsa ba. Katin koren allon tsoho ne, mai nawa. Duk lokacin da shirin ya ba direba saƙo, dole ya tsaya ya jira a rubuta shi harafi bayan harafi kafin ya wuce gaba. Wannan ɗan jiran shi ne numfashin da tsohon injin ke samu ya kammala umarni ɗaya kafin a jefo masa wani. Ashe ba gwanintarsa ce ta gyara injin ba. Shirinsa mai saurin da yake taƙama da shi shi ne ciwon, zagin da ya yi wa kansa shi ne maganin.

"Na gano," ya ce da ƙarfi, don a san har yanzu shi ne masani a ɗakin. "Ɗan jinkiri kawai yake so. Yanzun nan."

Ya sa wa shirin ɗan jira iri ɗaya a kowane taki, ba tare da saƙo ba. Injin ya tafi lafiya a miƙe, ya zo tsini, ƙas. Ya tsawaita jiran. Wannan karon allura ba ta karye ba, sai dai injin ya koma soka ɗaya, ya huta, ya yi tunanin duniya, ya sake soka ɗaya.

"A haka," in ji mijin Yaya, "kafin a gama bajon, ɗalibin ya gama makarantar."

Nan Garaje ya ga sauran abin. Ba jira iri ɗaya injin ke so ba. A miƙaƙƙen layi kaɗan ya ishe shi, wurin canja zare yana son fiye da haka, a tsinin fiffike kuwa yana son dogon numfashi. Shi kuma ya riga ya auna masa duk wannan ba da saninsa ba, tunda inda ya fi shan wuya nan ya fi tsawaita zagi. Zai iya zama ya auna kowane wuri ya sa masa jiransa, amma wannan aikin kwanaki ne, in ma an bar shi da irin lissafinsa na yamma ɗaya. Mai ƙarafa ya riga ya sauke igiyar daga kafaɗa yana warware ta.

"Allura ɗaya ta rage a gwangwanin," in ji Yaya. Muryarta ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. "In za ka karya ta, karya ta mu sallami mutumin nan."

Garaje ya mayar da saƙonnin yadda suke, bai taɓa ko ɗigo ba. Ya ɗaura ƙyalle. Sai dai maɓallin injin yana ɗaya gefen, kuma don ya kai gare shi dole ya matsa daga gaban allon. Ya matsa. Injin ya kama tak-tak-tak, korayen haruffa suka fara hawa, matarsa kuwa Allah ya yi ta da son karatu a bayyane.

"'Sannu da zuwa, sarkin gaggawa,'" ta karanta. "Wa ake wa sannu? 'Tsaya ka duba bayanka, ba wanda ya biyo ka.' Kai! 'Kan nan naka ado ne ko kaya?'" Ta dafa kafaɗar mijin Yaya don kada ta faɗi. "Wallahi akwatin nan ya san shi. Shekara nawa ina neman wanda zai taya ni faɗa, ashe yana saman kabad!"

Mijin Yaya yana dariya har da tari. Mai ƙarafa ma ya matso yana leƙe ta saman kafaɗu.

"Yallaɓai, na'urar ce ke zaginka haka, ko sawa ka yi?"

"Ni na rubuta," in ji Garaje. Ba amsar da ta fi wannan muni, amma ba shi da wata.

Sai a lokacin, bayan kowa ya karanta ya ƙoshi, ya tuna cewa katin ne ke jawo jinkirin, ba hasken gilashin ba. Da tun farko ya kashe makunnin allon, injin zai yi aikinsa, ba wanda zai ga komai. Tunanin ya zo masa a makare kamar yadda tunani ya saba zuwar masa. Ya miƙa hannu zai kashe, Yaya ta riƙe masa wuyan hannu.

Ba ta cikin masu dariya. Ta taso daga kujerarta tun ba a lura ba, tana tsaye da tabarau a karan hanci. Allura ta doshi tsinin fiffike, dogon saƙon nan mai layi uku ya fara fitowa, injin ya lafa yana jiransa. Yaya ta karanta a hankali, ba da muryar wasa ba.

"'Kwana ce wannan. Ba a shan kwana a guje, sau nawa zan gaya maka? Sassauta ƙafarka, ɗaga, juya ƙyallen, sannan ka taka. Ƙyallen mutane ne a hannunka, ba na ubanka ba.'"

Allura ta juyo tsaf ta kama ɗaya gefen.

"Garaje," ta ce, "wannan ai Baba ne."

Ya buɗe baki zai ce a'a, shi ya ƙirƙira, ranar da ransa ya ɓaci. Ya sake duban layukan. Babu ƙafa a cikin shirin kwamfuta, babu ƙyallen da ake juyawa da hannu. Har "ba na ubanka ba" ɗin nan, wanda Baba kan faɗa wa ɗan cikinsa ba tare da ya ga abin dariya a ciki ba, su Yaya suna ɓoye fuska a bayan ɗinki. Ya bi sauran saƙonnin da ido har sama. Sarkin gaggawa, duba bayanka, ado ne ko kaya. Ko ɗaya babu nasa. Kewar tsohon ta taso masa, a gaban matarsa da surukinsa da mai sayen ƙarafa, yana sanye da riga mai tsatsa.

Injin ya gama, ya ɗaga allura ya tsaya. Yaya ta cire bajon, ta yanke zaren da almakashi, ta shafa bayansa. Ta miƙa wa mijinta ba ta dube shi ba, sannan ta juya ga mai ƙarafa.

"Malam, ka yi haƙuri. Babu na sayarwa."

"To akwatin fa, ranki ya daɗe? An riga an ba ni."

"Wadda ta ba ka ba nata ba ne. Ga tsohon dutsen guga can a lungu, ɗauki ka rage asara."

Mutumin ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki dutsen guga, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Garaje in na'urar ta gaji da zaginsa a neme shi. Mijin Yaya ya raka shi yana ta juya bajon a hannu.

Garaje ya share fuska da hannun riga, ya yi gyaran murya, ya soma dawowa cikin hayyacinsa, wato ya soma alkawari.

"Yaya, ki ba ni yamma ɗaya. Zan auna kowane wuri in sa masa jiransa, in cire maganganun nan gaba ɗaya. Ko in canja su da wasu masu tsawo iri ɗaya, na mutunci, irin su barka da aiki..."

"In ka taɓa harafi ɗaya, ni da kai ne."

Ta kama koren allon da hannu biyu, ta ja shi daga fuskantar bango, ta juyo da shi saitin kujerar da take zama. Ta goge ƙurar gilashin da gefen mayafinta. Sannan ta ɗauko sabon ƙyalle ta miƙa masa, ta nuna masa injin da haɓa.

"Makarantu bajo da yawa suke jira. Ɗaura."

Ya karɓa ya hau ɗaurawa da sauri, gefe ɗaya ya karkace, ya ja zai danne shi a haka. Yaya ba ta ɗaga murya ba, idonta yana kan allon.

"Tsaya ka duba bayanka," ta karanta, "ba wanda ya biyo ka."

"To, Baba," in ji Garaje, kafin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Matarsa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ya kwance ƙyallen, ya shimfiɗa shi sosai, ya sake ɗaurawa a hankali.